Kiyashi a Ledar Magani

Tun daga bakin ƙofa na san ba lafiya, domin Kallabi ba ta fito ta tarye ni ba. Kwana biyar na yi a daji ina bin sawun shanun da aka kora daga wani garke, ƙafafuna sun kumbura, ba abin da nake so sai ruwan wanka. Ina shiga tsakar gida na tarar da mutanen gidanmu na haya sun yi cirko-cirko a gindin tankin ruwa, matata na durƙushe tana sharar hawaye.

Kallabi karyata ce, baƙa wuluk in ban da farin gashi a ka kamar ta yi ɗauri, shi ya sa sunan ya bi ta. Shekara shida muna aiki tare. Ni ina karanta ƙasa, in sawu ya ɓace mini a kan dutse ko kwalta ita ke ɗauko shi da hanci. Ga ta nan kwance, ga amai a gefenta, ga ɗigon fitsari ja-ja a kan siminti. Na ɗora hannu a bayanta wajen ƙugu, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Jikinta zafi rau.

"Guba aka ba ta," in ji Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu ta ɗakin kusa da famfo, wadda ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. "Ni dai ban kama sunan kowa ba, amma kowa ya san masu ƙin jinin karen nan a gidan nan."

Tela ya ɗaga kai ya dubi sama. Mai shayi ya juya ya kama ɗauraye kofunan da ya riga ya wanke. Babana yana zaune a kujerarsa a ƙofar ɗakinsa, ya zuba tagumi.

"Tun shekaranjiya ta fara," in ji matata. "Na kira ka ya fi sau ashirin, babu sabis."

Na sunkuci Kallabi na fita, ko takalmi ban canza ba.

*

Likitar dabbobi ta san mu. Kwana takwas da suka wuce ni da Baba muka kawo mata Kallabi, saboda duk taku goma sai ta tsuguna ta yi ta yunƙuri, ɗigo biyu ya fito da jini. Ta ce ciwon mafitsara ne, ta ƙirgo kafso ashirin masu ja da rawaya ta zuba a 'yar leda, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kwana goma cif. Ni da hannuna na ba ta na kwana uku, ta miƙe tana tsalle, sai aikin shanun nan ya taso na bar wa matata ragowar.

Yanzu kuwa Likita ta ɗaura mata ƙarin ruwa, fuskarta ba fara'a.

"Ciwon ya hau ƙoda," ta ce. "Abu uku ne. Ko dai ba a ba ta maganin ba, ko an ba ta amma ƙwayoyin cutar sun fi ƙarfinsa, ko kuma ta ci wani abin da ya taɓa ƙodar. Kowanne da hanyar da zan bi. In na yi mata allurar da ta dace da na biyu alhali na uku ne, ni zan ƙarasa ta da hannuna."

"To ki gwada mana!"

"Kada ka ɗaga mini murya. Na ɗebi fitsarinta zan aika, amma sai bayan kwana uku sakamako ke fitowa, ita kuwa ba ta da kwana uku. Ba kai ne mai bin sawu ba? Je ka gano mini abin da ya shiga cikinta kafin in tashi da yamma."

Na dubi Kallabi, ta ɗan kaɗa ƙarshen wutsiya sau ɗaya. Wallahi sai da na juya baya don kada Likita ta ga idona.

*

Da matata na fara, kuma na fara da kuskure.

"Kin tabbata kina ba ta?"

Ta aje tsintsiyar hannunta. "Ni kake tambaya? Ni da nake ƙyamar yawun kare, amma safe da yamma na naɗe kafson a tsokar nama, in riƙe mata baki har sai na ga maƙogwaronta ya motsa? Je ka ƙirga, suna nan a bakin tagar kicin inda ka bar su. Shida ka ba ta, goma na ba ta, saura huɗu. Na yau ne kawai ban ba ta ba, don ko ruwa ta sha sai ya dawo."

Na ƙirga daga nesa, huɗu ne. Na ba ta haƙuri, ba ta karɓa ba.

Na duƙa na duba tsakar gida kamar yadda na saba, na ji haushin kaina. Siminti ne, kuma matata na share shi sau biyu a rana. Mutumin da ya bi shanu arba'in ta cikin duwatsu, ga shi ya rasa sawu ɗaya a ƙofar ɗakinsa.

*

Tela na kan keken ɗinkinsa, yana ganina ya cire ƙafa daga feda.

"Na san abin da ya kawo ka, Mai Sawu."

"Kai ka ce wata rana za mu wayi gari babu kare a gidan nan. Ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa. Ranar da ta kwanta a kan yadin amaryar mutane na faɗa, kuma ko yau ta sake zan sake faɗa."

"Kana da maganin ɓera."

Ya miƙa hannu bayan akwatin zare ya jefo mini ƙunshin. A liƙe yake, ko ɓula shi ba a yi ba, har ƙura ta kwanta a kai.

"Tun da na ga karyarka na shigowa shagon nan na fasa sa shi, ɓeraye na ta cin kayana ina kallo. Buhun da ka ga an yi mata inuwa da shi a gindin tanki, wa kake zaton ya ɗaura? Tambayi Baba, shi ke wuni a wurinta tun da ta kwanta, ko abinci ba ya ci sosai."

Na fito daga shagon. Rana ta take tsaka, ban samu komai ba sai baƙin jini.

*

Na ce bari in kai wa Likita kafson da suka rage, ko sun lalace ne. Ina ɗaga ledar daga bakin taga na ji abu na tafiya a yatsuna. Kiyashi ne. Sun yi layi daga ƙasan bango har cikin ledar ta inda bakinta bai rufu ba, sun yi dafifi a kan kafso ɗaya da murfinsa bai zauna daidai ba.

Na tsaya cak. Ranar farko Kallabi ta tauna ɗaya ta fasa shi, ta yi ta zubar da yawu tana goga baki a ƙasa, ɗan garin da ya zube ko ƙuda bai sauka a kai ba. Me kiyashi zai nema a cikin wannan abu?

Na zare murfin na zuba garin a tafin hannu, na ɗanɗana da bakin harshe. Madara ce. Madarar gari, irin ta shayi. Na buɗe sauran ukun, duk madara.

Kai! Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar gida ina ihu ba. Na ce duk wanda ke kwana a ƙarƙashin rufin gidan nan ya same ni a gindin tanki bayan la'asar, yau sai na tona asirin mugu a gaban kowa. Sannan na yi wajen teburin Mai shayi kai tsaye.

"Tun ranar da ta kifar maka da kiret ɗin ƙwai kake riƙe da ita a zuciya," na ce, na buɗe masa tafin hannuna a fuska.

Ya leƙa, ya lakata da yatsa ya lasa. Sai ya nuna gwangwanayen da ya jera a tebur.

"Shekara nawa kana shan shayina? Ka taɓa ganin na zuba maka ta gari? Ta ruwa nake sawa. Sannan dubi nan." Ya shimfiɗa hannuwansa, yatsu kamar taɓare, duk tabon ƙuna. "Da waɗannan zan zare ɗan abin nan in mayar? Haba, Mai Sawu, ka yi hankali da bakinka. Kuma in kashe kare zan yi, da madara zan kashe shi?"

Maganarsa ta ƙarshe ta tsaya mini a ƙirji. Gaskiya ce. Wanda ya yi wannan aiki ya zauna ya zaɓi abin da ba zai cutar da ita ba, ya cika kafson daidai don kada a ji ya yi sakayau. Ba mutuwar Kallabi yake so ba. Abin da ke cikin kafson yake so.

Na kira Likita na gaya mata.

"Madara zalla ce, ko an haɗa da wani abu?" ta ce. "Kuma tun yaushe? Guda nawa ta sha na gaske?"

"Ban sani ba tukuna."

"To ka sani. Ta sake yin amai sau biyu."

*

Maman 'Yan Biyu na da madarar jarirai, na ɗanɗana tata, ba ita ba ce, tata ba ta da wannan zaƙin. Ta bi ni da harara har na fita. Sai na koma bakin taga na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na daina tambayar mutane na tambayi ƙasa.

Na kwanta rub da ciki a siminti. Kiyashi ba ya yawon banza, inda abinci yake nan yake zuwa. Layin da ya sauko daga taga ya bi gindin bango ya shige wani ɗan rami kusa da magudanar ruwa. Amma daga ramin akwai layi na biyu, ya fi na farko kauri, masu komowa kowanne da ɗan farin abu a baki. Na bi shi da gwiwa. Ya wuce ƙofar Tela bai shiga ba. Ya wuce tamu. Ya kewaye ƙafar kujerar da babu kowa a kai, ya shige ta ƙarƙashin ƙofar Baba.

Na miƙe tsaye. Baba ya fita masallaci. Ban taɓa shiga ɗakinsa ba ya nan ba, ranar na shiga.

Warin ne ya fara tare ni, duk da turaren da ya kunna. Layin kiyashin ya ƙare a ƙarƙashin gefen tabarma. Na ɗaga, ga ƙullin madarar gari an ɗebi rabi, ga tsinken ashana da aka fere bakinsa ya yi faɗi kamar ɗan cokali, ga wata takarda an ninke ta da ragowar garin magani a ciki. A ƙarƙashin gado akwai bokiti mai murfi, na buɗe na mayar da sauri. Launin fitsarin da ke ciki ɗaya da ɗigon da na gani a gindin tanki. A bayan ƙofa wanduna biyu ne a rataye, ya wanke su da kansa ya shanya a ɗaki, alhali matata ce ke masa wanki.

Na zauna a bakin gadon. Mutumin nan shi ya koya mini bin sawu, shi ya nuna mini yadda ake gane dabba marar lafiya daga takunta. Ni kuwa na ga kare ya tsuguna sau biyu na ruga da shi asibiti, ubana yana fitsarin jini a ɗakin da ke jikin nawa ban gani ba. Haushi da kunya suka haɗu suka kama ni, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Sai na ji ana jan kujeru a waje. La'asar ta yi, ga taron da na kira da bakina.

*

Duk sun hallara. Tela da tef a wuya, Mai shayi ya harɗe hannuwa, Maman 'Yan Biyu da goyo, matata a rakuɓe a jikin bango. Baba ya dawo, ya ga na fito daga ɗakinsa. Ya dubi gwiwoyin wandona da suka yi fari da ƙura, ya dubi layin kiyashin, ya zauna a hankali yana dafa kujera.

Na gyara murya. "Jama'a, ku yi haƙuri. Na bincika, maganin ne ya zo a lalace. Babu laifin kowa, kowa ya kama gabansa."

"A'a, wallahi ba ka isa ba," in ji Mai shayi. "Ka tsaya a gaban masu shan shayina ka kira ni mugu. Magani ne zai lalace ya koma madara? Yau sai ka faɗi wanda ya yi."

"Ni ma ina son in ji," in ji Tela.

"Na ce a bar maganar!"

"Ba za a bar ta ba."

"Ku ƙyale shi," in ji Baba. Muryarsa ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji. "Ni ne."

Maman 'Yan Biyu ta dafe ƙirji. Baba bai dubi kowa ba, ƙasa yake kallo.

"Wata biyu ke nan ina fama da abin da karyar nan ke fama da shi. Ranar da muka kai ta na ji Likita da kunnena tana cewa irin maganin da mutane ke sha ne. Bayan kwana uku na ga ta tashi tana gudu. Da za ka tafi na tambaye ka ya jikinta, ka ce da sauƙi. Sai na ce a raina ai ta warke, ragowa ce ta saura, ragowa kuwa ba a zubarwa."

"Baba, da sauƙi na ce, ban ce ta warke ba!" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. "Likita ta ce sai an shanye duka. Radaɗin ne ke fara tafiya, cutar tana nan kwance!"

"Wannan ban riƙe ba. Na riƙe wanda ya dame ni."

Matata ta matso ta durƙusa a gabansa. "Baba, kullum da safe ina gaishe ka, na ga kana ramewa, in ce ya jiki, ka ce da sauƙi."

"To me zan ce miki, 'yar nan? Wace irin magana ce wannan da zan yi da matar ɗana?" Ya share fuska da hannun riga. "Shi kuma yana daji. In yana gida ma, da wane baki?"

Mai shayi ya sauke hannuwansa, ya juya ya tafi. Tela ya bi bayansa. Maman 'Yan Biyu ma ta shige ɗakinta.

Na ciro waya na kira Likita, na miƙa wa Baba. Ya karɓa da hannu biyu kamar mai karɓar sammaci.

"Goma sha huɗu, ranki ya daɗe," ya ce. "Ranar da ya tafi na juye su duka a zama ɗaya. Madara ce kawai, na rantse ban haɗa da komai ba. Shida ta sha na gaske." Ya saurara. "E, ina sha. A'a, bai daina ba, har zazzaɓi nake yi yanzu." Ya sake saurarawa, sannan ya miƙo mini.

"Yanzu zan yi mata allurar," in ji Likita. "Da na san haka tun da safe da na yi tun da safe. Ban yi maka alkawari ba. Shi kuma tsohon, gobe da sassafe ka kai shi asibitin mutane. Kada ka kawo mini ƙafarka nan sai ka kai shi, ka ji ko?"

*

Washegari muna kan benci a layin ganin likita, mutum goma sha ɗaya a gabanmu. An ba Baba 'yar kwalba ya kawo fitsari, ya naɗe ta a hankici ya ɓoye a cikin hannun riga. A hanyarmu ta zuwa, da muka wuce kwanar asibitin dabbobi ya juya ya bi ginin da kallo har ya ɓace. Shi ya tsinto Kallabi tana 'yar kwikwiya, a aljihun babbar rigarsa ya kawo ta gida.

Wayata ta yi ƙara. Na ga lambar, na tashi na koma wajen taga.

Likita ba ta ja zance ba. Ta ce ƙodar ta riga ta tsaya, ta yi iya yinta, Kallabi ta cika ɗazu da hantsi, ba ta wahala sosai ba a ƙarshe. Ta tambaya ko in zo in ɗauke ta ko su binne. Na ce a jira ni. Na daɗe a tsaye ina kallon motocin da ke shiga da fita. Na so in yi ihu, na so in fasa wani abu, amma babu wanda zan yi wa.

Na dawo na zauna. Baba ya yi zuru-zuru, leɓensa ya bushe da zazzaɓi.

"Likitar ce?"

"Ita ce."

"Ya jikinta?"

Na dubi hannunsa a kan hankicin.

"Da sauƙi, Baba."

Ya daɗe yana kallon fuskata. Mutumin da ke gane raƙumi mai ɗingishi daga sawun kwana uku ba ni zan ɓoye wa abu ba. Haɓarsa ta ɗan motsa, ya sunkuyar da kai.

"Allah ya ƙara sauƙi," ya ce.

Nas ta leƙo ta kira lambarmu. Ya yunƙura bai iya tashi ba, na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi, muka shiga.